Neman kalma: iskar da ake bugawa cikin askirim, me za mu ce mata?

Maman Ilham: Assalamu alaikum. Jama'a a agaza mini, ranar Asabar zan gabatar da filin uwargida a rediyo, gobe da la'asar kuma nake miƙa rubutun. Ina kwatanta askirim mai banila ne na kanti, na roba da ake ɗaukowa a firiza, na gida irin su FanIce da Supreme, da na waje irin Häagen-Dazs. Kalmar overrun ce ta tsaya mini a wuya. Ita ce yawan iskar da inji ke bugawa cikin haɗin yayin da yake daskarewa. In lita ɗaya ta haɗi ta koma biyu, ɗari bisa ɗari ke nan, wato rabin robar iska ce. Shi ya sa za ki ɗaga roba biyu girmansu ɗaya, wannan da nauyi, waccan sakayau.

Abban Gwammaja: Wa alaikumus salam. Kumfa mana.

Anti Rabi: Kumfa ta sabulu ce Abba, tana tashi ta kwanta. Wannan kuwa ta zauna a ciki daram. Maman Ilham, ki ce auki. Abu kaɗan ya kumbura ya cika mazubi, wace mace ce ba ta san shinkafa mai auki ba?

Maman Ilham: Na yi tunaninsa Anti, amma auki yabo ne. Ina cewa wannan ya fi auki, gobe shi za a wawashe, alhali nufina iska aka sayar musu.

Abban Gwammaja: To algus. Ko tauye mudu.

Ɗan Samaru: A'a, kada a kai nan. Fasahar abinci na karanta, iskar dole ce. In babu ita sai ya daskare ya yi tauri, cokali ba zai shige shi ba. Magana a kan yawanta ne. Masu tsada sukan tsaya wajen ashirin zuwa talatin cikin ɗari, masu araha su doshi ɗari. A Amurka doka ta ce nauyin galan ɗaya na askirim kada ya gaza laba 4.5, wato kusan giram 540 a lita, maiƙon madara kuma kada ya gaza kashi 10 cikin ɗari. Wanda bai cika ba, ba shi da ikon rubuta askirim a jikin robarsa, sai ya nemi wani suna. Saboda haka kalmar da ba yabo ba zagi muke nema. In kika ce algus a rediyo, lauyan kamfani ne zai zama baƙonki na mako mai zuwa.

Malam Nahawu: Kun bar jaki kuna dukan taiki. Tun layin farko baiwar Allah ta rubuta askirim, babu wanda ya ɗaga gira. Mene ne askirim? Na daɗe da ba da shawarar a ce sanyaɗi, daga sanyi da daɗi, ɗalibaina ma sun saba da ita. Wanda bai so ba ya ce daskararren afarari, don afarari shi ne abin da kuke kira kirim.

Abban Gwammaja: Allah gafarta Malam, sanyaɗi kamar sunan maganin da ake talla da lasifika a tasha.

Malam Nahawu: Yi dariyarka. Haka aka yi wa jirgin sama da gidan sauro kafin su zauna. Harshen da ba ya haihuwa aro zai ci gaba da yi har ya manta kayansa.

Anti Rabi: Malam, da sukari da sabulu da alƙalamin da kake gyara mana rubutu da shi, wanne muka haifa? Jikata mai shekara huɗu tana jin hon ɗin mai keke take ihun askirim. Kalma ta riga ta shiga ɗaki ta shimfiɗa tabarma. Kuma afararin nan, wallahi sai wurin kakata na taɓa jin sa.

Bamaraɗe: Ku yi haƙuri in sa baki. Mu nan Maraɗi galas muke cewa. Abin da ke ba ni mamaki, duk abin da kuka aro daga Ingilishi sai ya zama daidaitacciyar Hausa, namu na Faransanci kuma a ce Hausar Nijar. Rediyon naku ana kama shi har nan fa.

Abban Gwammaja: Galas kuma? A Kano sai a miƙo maka gilashin tagar mota.

Bamaraɗe: Ai dama ku Kanawa gani kuke daga Dala aka sauko da harshen.

Malam Nahawu: Ka ga hujjata ke nan. Sanyaɗi ba ta Ingila ba ce, ba ta Faransa ba. Da ta Kano da ta Maraɗi duk ta raba gardama.

Maman Ilham: Don Allah jama'a, gobe ne fa. Malam, ina girmama ƙoƙarinka, amma minti ashirin gare ni, ba zan ƙone biyar wajen bayanin sunan abin da kowa ya sani ba. Mu koma kan iskar. Sannan banila, in bar ta haka?

Ɗan Samaru: Bar ta, ba mu da itacen balle sunansa. Abin da ya kamata ki raba shi ne banila ta asali da ta haɗi. Ta asali kwafsa ce ta wata shuka mai yaɗo, asalinta Meziko, yanzu mafi yawanta daga Madagaska take fitowa, kuma da hannu ake yi wa furen barbara ɗaya bayan ɗaya. Tsadar daga nan take. Akasarin abin da ke kanti sinadarin banilin ne da ake haɗawa a masana'anta. Ƙamshinsa ɗaya tak, ya bugi hanci ya wuce, ta asali kuwa tana daɗewa a baki. Ki sa masu sauraro su juya robar su karanta. Na Häagen-Dazs mai banila abu biyar ne: kirim, madara, sukari, gwaiduwar ƙwai, banila. In suka ga man itatuwa a madadin maiƙon madara, shi ne wanda ke barin wani shafi a ganɗa bayan an haɗiye.

Anti Rabi: Mu dai a kicin fulebo muke ce wa ta haɗin. Ki ce mai banila ta asali da mai fulebo, an gama. Kuma ki gaya musu, wanda suka ji garas-garas da ƙanƙara a ciki ba lalle laifin kamfani ba ne. Wuta aka ɗauke wa mai kanti, ya narke ya sake daskarewa. A duba murfin, in da ƙanƙara kwance a ciki ko askirim ɗin ya janye daga gefen roba, a mayar a ɗauki wani.

Bamaraɗe: Kan iskar, me zai hana ku haɗa? Aukin iska. Wanda ya ji auki ya gane kumburi ne, ya ji iska ya san ba ƙoshi.

Ɗan Samaru: Wannan ta yi. Ana iya cewa aukin iskarsa kashi talatin, ko aukin iskarsa ya yi yawa. Tana ɗaukar lissafi.

Abban Gwammaja: Sai dai a bakin Bakano, abu na iska kun san inda yake dosa. Na banza ke nan.

Anti Rabi: Ai bai yi nisa da gaskiya ba.

Malam Nahawu: Ginin kalmar ba shi da aibu, ba zan ƙi gaskiya ba, duk da dai kumburin iska ya fi daidai a wurina, don auki na abin da aka dafa ne. Amma ku sani ba da yawuna za a jingina ta da askirim ba. Aukin iskar sanyaɗi, ku ji yadda ta zauna a baki.

Maman Ilham: Na ɗauki aukin iska, zan yi mata bayani sau ɗaya a farkon shiri. Askirim da banila suna nan yadda suke, zan kuma ce galas sau ɗaya saboda mutanen Maraɗi. Malam, sanyaɗi sai wani jiƙon. Saura creamy, amma ina jin tsoron tambaya.

Anti Rabi: Mai maiƙo da sulɓi. Rubuta ki tafi kafin Malam ya dawo daga masallaci.