Neman kalma: abin da sitika ke bari a jikin jirgin ruwa

Baban Hafsa (Jidda): Salamu alaikum 'yan uwa. Maigidanmu a Ubhur, bakin tekun Jidda, ya ba ni takardar Larabci in mayar Hausa kafin Alhamis, saboda yaranmu masu wankin jirage. Na cije a "baƙayal lasiƙ", wato abin nan mai kama hannu da ke saura bayan an ɓare tsohuwar lamba ko sitika a jikin faiba, abin nan mai kama da roba mai tauri da ake yin jikin jirgin da shi. Me zan rubuta?

Ɗan Karantina: Lazga mana, Yaya. Kowa a bakin ruwa haka yake faɗa.

Malamin Nahawu (Madina): Wa alaikumus salam. Lazga ba Hausa ba ce, Larabci ce. Kafin wani ya ce gam, ita ma ta Bature ce. Muna da ƙaro tun kaka da kakanni. Rubuta "ƙanzon ƙaro". Abin da ya kama gindin tukunya bayan an kwashe tuwo ƙanzo ne, wannan ma haka.

Kawu Bur Sudan: Malam, da girmanka, ƙaro dai a ƙasarmu Sudan yake, daga dakwara ake tsago shi a Kurdufan, kuma ruwa na narkar da shi. Na sitika kuwa ko ka wuni kana zuba ruwa yana nan daram. Sai ka gasa shi da na'urar busar da gashi ya yi laushi, ka ture da gefen katin roba, ka shafa man ɓawon lemo ko man feshin nan WD-40, ka ba shi ɗan lokaci, ka goge da tsumma, sannan sabulu. Ka rubuta ƙaro, yaro zai ɗauko bokiti.

Baban Hafsa: Ƙanzon ma ina tsoronsa, Malam. Wanda ya ji ƙanzo ƙarfe zai nema ya kankare, takardar kuwa reza ta fara hanawa, don ƙyallin faiba fata ce siririya, ƙarzuwa ɗaya ta isa. Ta kuma hana asiton, ruwan nan mai narkar da fenti, kusa da tagar roba, don tagar hazo take yi.

Malamin Nahawu: Wannan aikin bayani ne, ba laifin kalma ba. Ƙanzon ƙaro ya fi daɗin faɗa. Matsalarku ku haihuwar nan, Hausarku rabi Larabci ce.

Ɗan Karantina: To sabulu da Alhamis fa, daga Daura suka zo? Kakata a ƙafa ta iso Sawakin, bakin tekun Sudan, ta hau jirgi, har ta rasu Hausa take yi. Ba za a zo jiya a koya mana ba.

Kawu Bur Sudan: Ɗana, sassauta. Amma Malam, je ka garin Mai Wurno a Sudan ka ji Hausar da ta fi shekara 100 a bakin Nilu, sannan ka yi hukunci.

Maman Iman (Makka): Kun bar bawan Allah da takarda a hannu. Danƙo fa? Ba aro ba ne, kuma duk wanda ya ji danƙo ya san ruwa ba ya cire shi. "Ragowar danƙo".

Malamin Nahawu: Danƙo ya yi faɗi da yawa, har na harbin tsuntsu danƙo ne. Amma ya fi lazga.

Baban Hafsa: Na gode Hajiya. Na sa "ragowar danƙon sitika", na ƙara lazga sau ɗaya a layin farko. Saura ɗaya: bayan an goge tas, siffar haruffan na nan, don rana ta kwashe launin kewaye ta bar inda sitika ta rufe. Tabo ne ko inuwa?

Malamin Nahawu: Ni a takarduna ƙanzon ƙaro zan ci gaba da rubutawa.