Jirgin ƙasan tebur mai sauƙin kuɗi: da wanne sabon shiga zai fara?

Sabon_Shiga:

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar ƙananan jiragen ƙasan nan na tebur, masu tafiya da lantarki a kan layin dogonsu. Ina son in fara, amma kuɗin ba yawa, wurin ma haka: tebur ne mai tsawon santimita 120, faɗi 60. Na duba intanet na ga haruffa birjik, HO, OO, N, TT, Z, ga kuma DC da DCC, kaina ya ɗaure. A kasuwa kuma akwai na yara masu batir a kwali, da araha ƙwarai. In fara da irin waɗannan kafin hannuna ya faɗa, ko asarar kuɗi ce? In kuma na gaske zan yi oda daga waje, wanne zai shiga teburin nan, kuma me da me zan saya a karon farko? A Kano nake, a sa wuta da ƙura cikin lissafi.

Mai_Dogo:

Wa alaikumus salam. Malam, teburinka ya riga ya yanke hukunci: N za ka yi.

Haruffan nan ma'auni ne. HO an rage girman jirgin gaske sau 87, tazarar ƙarafan layinsa milimita 16.5. OO na Ingila sau 76 ne, amma layi ɗaya yake hawa da HO. TT sau 120, tazara milimita 12. N tazararsa milimita 9. Na Amurka da Turai sau 160, na Japan sau 150, na Ingila sau 148, duk kuwa layi ɗaya suke bi. Z, wanda Märklin na Jamus ya fito da shi a 1972, sau 220 ne a kan milimita 6.5. Kada ƙanƙantarsa ta ruɗe ka, ya fi N tsada, kayansa sun fi wuyar samu, kuma ƙura kaɗan ke tsayar da shi.

Kwana ce ke cin wuri. Kwanar da akan sa a saitin HO tana da inci 18 daga tsakiyar da'ira zuwa layi, wato kafin jirgi ya juyo ya ci kusan mita guda a faɗi. Kai kuwa 60 gare ka. Ko a N ɗin ma sai ka auna. Saitin layi na kamfanin Kato mai suna M1, wanda aka fi ba sabon shiga shawarar saye, kwanarsa milimita 315 ce, shimfiɗarsa kusan santimita 134 da 68, ka ga ya fi teburinka ta ko'ina. Mafita biyu ce. Ko kafinta ya yanko maka filawud mai santimita 140 da 75 ka ɗora a kan teburin, ko ka sayi layin a warwatse: kwana mai lamba R249-45 (wato kwanar milimita 249) guda takwas, miƙaƙƙe mai milimita 248 guda biyu, mai 186 guda biyu, mai 62 guda biyu, ɗaya daga cikinsu wanda wayar wuta ke shiga ta ƙasansa. Kowane miƙaƙƙen gefe zai tashi milimita 496, zagayen duka kusan santimita 102 da 52, da 'yar rata a baki. Ratar nan dole ce, kan jirgin N in ya faɗo kan siminti daga tebur ba kasafai yake tashi ba.

Na ce Kato ne don layinsa na Unitrack a haɗe yake da gindin roba mai kamar tsakuwa, ana kwance shi a mayar kwali a sake haɗawa ba tare da ya saki ba. Tomix ma na da irinsa, Fine Track, Bachmann na da E-Z Track, sai dai bakin ɗaya ba ya shiga na ɗaya kai tsaye. Ka zaɓi kamfanin layi guda ka tsaya a kansa. Jirage kuwa na kowane kamfani za su hau.

A kwana 249 ka nemi gajeren kan jirgi mai ƙafa takwas, da taragan kaya huɗu ko biyar. Ka tabbatar duk ƙafafunsa na ɗaukar wuta, in da hali kuma mai dunƙulen ƙarfe a jikin injinsa, wanda ke riƙe masa gudu ya tsallake wurin datti. Dogayen taragan fasinja da jirage masu gudun tsiya irin Shinkansen na Japan suna son kwana 315 zuwa sama.

Na kwalin yara kuwa, ka saya wa yara. Layinsa roba ne da bai dace da kowane ma'auni ba, gudunsa ɗaya, in giya ta karye babu inda za ka samo wata. Ba abin da za ka ɗauka daga cikinsa zuwa na gaske.

Injiniyan_Wuta:

Na yarda da Mai_Dogo. Ni bari in kama bangaren wuta, don a nan kaya ke ƙonewa tun ranar farko.

Ka fara da DC. Kwantirola na ba layi wuta daga sifili zuwa bolt 12, yawan wutar shi ne gudu, juya wayoyi shi ne komawa baya. Jirgi ɗaya a zagaye ɗaya bai buƙatar fiye da haka. DCC kuwa wuta na kan layi a cike kullum, kowane kan jirgi da 'yar na'urarsa a ciki, dikoda, mai jin umarni ta lambarta (sabuwa da lamba 3 take zuwa). Amfaninsa tuƙa jirage da yawa a layi ɗaya, kowa da gudunsa, amma kuɗin kwantirolar kaɗai zai iya saya maka wani kan jirgin. Abin yi yanzu shi ne ka zaɓi kan jirgin da aka bar wa gurbin dikoda, don gaba. Kuma kada a ajiye kan jirgin DC a layin DCC, zai yi ta tsuwa yana zafi har injin ya ƙone.

Na biyu, ka karanta jikin adafta kafin ka soka. Wutarmu 230 ce, ta Japan 100, ta Amurka 120. In an rubuta 100–240V, kan soket kawai za ka canza. In 100V ko 120V kaɗai ka gani, tiransifoma mai rage wuta za ka nema, in ba haka ba hayaƙi za ka gani nan take. Tsofaffin saiti sun fi zuwa da irin wannan.

In kuɗin kwantirola ya yi yawa, ana haɗa ta a gida. Adafta mai 12V, amfiya 1. Ɗan allon rage gudun inji na PWM, wanda ke ba da wuta bugu-bugu, mai maɓallin murɗawa. Makunni mai ƙafa shida, wanda ake kira DPDT, a gicciye wayoyinsa don juya gaba da baya. Sai fiyus mai amfiya 1 a kan wayar da ke zuwa layi, an fi son mai farfaɗowa da kansa. Kan jirgin N ɗaya bai cika wuce amfiya 0.3 ba. Ka nemi allon da bugunsa ya kai kilohaz 16 zuwa 20, mai ƙaramin bugu na sa inji ƙara da zafi, musamman sababbin injunan nan marasa ƙarfe a tsakiyar kwayil.

Wannan haɗin na aiki da batirin sola in an ɗauke wuta, amma da sharaɗi biyu. Batir in yana caji yana haura bolt 14, don haka sai an sa ɗan allon da ke tsayar da wuta a 12 ko ƙasa kaɗan. Sannan fiyus a kusa da batirin, babu zancen tsallakewa. Tarago ɗaya in ya goce ya haɗa ƙarafan biyu, batir zai turo wutar da za ta narkar da waya da robar layi cikin daƙiƙoƙi.

Sabon kan jirgi a bar shi ya yi ta zagaye shi kaɗai a matsakaicin gudu, minti 30 gaba, minti 30 baya, giyoyinsa su zauna.

Sabon_Shiga:

Allah ya saka da alheri, yanzu na fara ganin hanya. To batun na gwanjo fa? Ina ganin tsofaffin saitin HO a eBay, farashinsu bai kai rabin sabon N ba. In na haƙura da teburin na shimfiɗa a ƙasa, ba zai fi mini sauƙi ba?

Baba_Tarago:

Ɗana, ni ɗan HO ne, kuma ba zan ɓoye maka amfaninsa ba: ya fi nauyi, don haka ya fi jure datti, ya fi sauƙin ɗorawa a layi ga mai raunin ido, na gwanjonsa kuma ya fi yawa a duniya. Amma yana son filawud guda cur, ƙafa 4 da 8. Ƙasa kuwa ba wurinsa ba ne, zaren kafet da gashi suna naɗewa a sandar ƙafafu su shiga giya. Ka kuma lissafa kuɗin kawowa, kwalin HO ya ninka na N girma da nauyi, arahar takan ƙare a hanya.

Shawarata: layi da kwantirola sababbi, taragai na gwanjo, kan jirgi kuwa sai ka san abin dubawa.

Layin gwanjo na iya zama na baƙin ƙarfe ko na tagulla, ɗaya tsatsa ɗaya dusashewa, kullum kana cikin gogewa. Wanda ake so shi ne garwayen nikel mai launin azurfa. Gwajinsa da mayen ƙarfe ne: in ya kama, bar shi. A E-Z Track na HO, mai baƙin gindi ƙarfe ne, mai ruwan toka shi ne na nikel. Ka kuma kiyayi HO na Märklin, nasu tsarin daban ne, wutar AC ce da 'yan ƙusoshi a tsakiyar layi, ba ya tafiya a layin kowa.

Kan jirgin DC ana gwada shi da batir mai 9V, ka taɓa kawunansa biyu a ƙafar dama da ta hagu, ya kamata su juya sumul. In daga nesa kake saye, ka ce mai kayan ya turo bidiyo yana tafiya a hankali, don kowane rubabben inji na iya gudu da ƙarfi. In ka ji ƙas-ƙas-ƙas daidai da juyin ƙafa, giyar roba ce ta tsage a kan sandarta, kuma ta tsohon samfuri ba lalle a samu ba.

Sai ƙugiyar da ke haɗa taragai. Tsofaffin N da yawancin na Japan da Turai da ƙugiyar Rapido suke zuwa, 'yar murabba'i. Na Amurka na yanzu kuwa mai kama da ta jirgin gaske. Ba sa kama juna. In ka tara iri biyu, ka ware tarago ɗaya ka sa masa wannan a gaba, waccan a baya.

Taragon da ke yawan gocewa, abu uku za ka duba a jere: gaɓar layi, ko ƙarfe ɗaya ya hau kan maɗaurinsa maimakon shiga ciki (yatsa zai ji tudun), tazarar da ke tsakanin ƙafar dama da ta hagu ta ciki, kusan milimita 7.6 a N, 14.4 a HO, sai nauyi. Ƙa'idar ƙungiyar NMRA ta Amurka ga N ita ce kusan giram 14, a ƙara giram 4 kan kowane inci na tsawon taragon. Mai inci huɗu ke nan giram 30. In bai kai ba, a manna noti a cikinsa, ƙasa-ƙasa, a tsakiya.

Hajiyar_Tasha:

Ba wanda ya amsa masa zancen ƙura, alhali da hunturu ita ce za ta fi ba shi wahala. Wurin da ƙafar N ke taɓa ƙarfe bai fi kan allura ba, ta nan kuma wuta ke shiga. Ƙura in ta haɗu da maiƙo da tartsatsin wuta sai ta zama baƙin danƙo a layi da ƙafafu. Alamarsa fitila na ƙyaftawa, jirgi na tsayawa sai an taɓa shi.

Kafin kowane wasa, ɗan tsumman auduga marar zare da sifirit ɗin da masu gyaran waya ke wanke allo da shi, isopropil, a bi saman ƙarafan. Ƙafafu kuwa: jiƙa tishu, shimfiɗa a kan layi, ɗora rabin ƙafafun a kai, rabi a kan ƙarfe, riƙe jirgin sama-sama ka ba shi wuta su juya, sannan ka juya shi. Ƙafar da aka sa wa zoben roba kada a jiƙa ta da yawa. Samfefa na barin ƙarce inda datti zai zauna, soson ƙarfe kuma ɓurɓushinsa maganaɗisun inji ke jawowa ciki, duka biyun a nisance su.

Mai ma haka. Ba man inji, ba man girki, ba WD-40. Sai wanda aka rubuta ba ya cin roba, irin Labelle 108, ɗigo ɗaya a tsinin allura, shi ma sai jirgin ya fara kuka. A garin ƙura, yawan mai ya fi rashinsa ɓarna. An gama wasa, jirage su koma kwalinsu, layi a rufe da leda ko zani, kuma kada a bar su inda rana ke dukan taga, robar na lanƙwashewa.

Filawud ɗin ya zama milimita 9 zuwa 12, da katako a ƙasa don kada ya banƙare. A yi masa fenti sama da ƙasa da gefe, domin katako na kumbura da damina ya tsuke da hunturu, ya ja layin da aka kafe a kansa. Kada ka manna layi tukuna. In za ka yi hawa nan gaba, santimita 2 a kowace mita, in an matsa 3; a tebur mai 120 babu wurin gada, a bar shi a shimfiɗe.

Mai_Dogo:

Ƙari kaɗan, Malam. In za ka sayi mararraba don layin ajiye taragai, ta Kato mai lamba 6 ta fi mai lamba 4 zaman lafiya da taragan wasu kamfanoni, ko da yake ta fi cin wuri. Kada kuma ka haɗa layin da zai juyo da jirgi ya dawo kan hanyar da ya fito, ƙarfen dama zai haɗu da na hagu wuta ta gajarce, sai an raba shi da maɗauran roba.

Gudu kuma a rage. A N, jirgin da ke yin kilomita 80 a awa yana cin mita guda a kusan daƙiƙa 7, wato zagayen teburinka a daƙiƙa 18 ko makamancin haka. In kana son abin ya yi kama da na gida, tsohon layin Legas zuwa Kano tazararsa milimita 1067 ce, daidai da yawancin layukan Japan, don haka kan jirgin dizal da taragan kaya na Kato ko Tomix sun fi kusa da shi a siffa. Na Abuja zuwa Kaduna, da aka buɗe a 2016, mai 1435 ne, shi ne N na sau 160 ke kwaikwayo.