Muhawara: Sauya "Master" Zuwa "Main" Ya Amfani Wani Kuwa?

Sadiq: Jama'a, jiya har ƙarfe biyu na dare ina fama da manhajar wani shago a Terminus, nan Jos. Sabon ma'aji a GitHub, shafin da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, ya zo da babban reshe mai suna "main", tsohon umarnin da ke tura aiki kuwa "master" yake nema. Tun Oktoban 2020 aka yi wannan sauyin, har yau mu ke shan wahalarsa. Wa ya samu 'yanci don an canza kalma?

Malama Hauwa: Sannu da aiki, ƙanena. Amma layi ɗaya za ka gyara. Ni ina koya wa ɗalibai rumbun bayanai a nan Jos, kuma ranar da na fassara musu "master" da "slave" da Hausa, na ce ubangida da bawa, ajin ya yi tsit. Wata yarinya ta sunkuyar da kai har aka tashi. Sai a 1936 doka ta soke bauta gaba ɗaya a Arewa. Akwai gidajen da har gobe ake hana su aure saboda asali.

Injiniya Bala: Hajiya, a kan wannan ina bayanki. Python ma, yaren rubuta manhaja, ta cire kalmomin tun 2018. Inda na tsaya shi ne "blacklist" da "whitelist", wato baƙin jeri na waɗanda aka hana da farin jeri na waɗanda aka bari. Mu da muke cewa baƙin ciki da farin ciki, baƙin jini da farin jini, wa ya taɓa nufin launin fata? Wannan ciwon Amurka ne, bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a 2020, ya taso musu.

Malama Hauwa: Injiniya, ka gwada bayyana wa sabon ɗalibi "allowlist" da "denylist", kalmomin da aka maye gurbinsu da su. Waɗanda aka bari, waɗanda aka hana. Ba sai ka ƙara komai ba. Ko Linux, manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, da ta karɓi sauyin a Yulin 2020, sabon rubutu ta fi shafa, ba ta ce a rushe abin da jama'a suka dogara da shi ba.

Sadiq: To Anti, "master" na GitHub ai ba shi da bawa a gefensa.

Injiniya Bala: Nan kam Sadiq ya kama ki.

Malama Hauwa: Na yarda wannan ya fi rauni. Turo min umarnin naka, Sadiq, in duba maka bayan la'asar.