Farautar koyot a Oklahoma: matokari mai ƙafa biyu ko mai ƙafa uku?

Baƙon Tulsa:
Salamu alaikum manya. Tambaya ce kan farautar koyot, dilan nan na Amurka da ke ɓarnar 'yan maruƙa da tumaki. Bindigar .223 Remington ce mai ɗauke da madubin saiti, fili kuma makiyaya ce a yammacin Oklahoma, ciyawa ta kai gwiwa, harbi daga yadi 80 zuwa 250. Kuɗin matokari ɗaya ne a hannu. Wanne ya fi, mai ƙafa biyu da ake ɗaura wa bindiga, ko mai ƙafa uku?

Sarkin Baka:
Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ai ka riga ka ba da rabin amsar da ka ce ciyawa ta kai gwiwa. Ka manta da gajerun masu ƙafa biyun nan na inci 6 zuwa 9 ko 9 zuwa 13. Na harbi a kwance ne ko a kan tebur, kuma in ka kwanta a irin wannan fili ba abin da za ka gani a madubi sai ganye. Mai kiran koyot, wato maharbin da ke jawo shi da na'urar kira, a zaune yake, ya jingina bayansa da wani kurmi ko turken shinge don kada siffarsa ta fito fili. Tsayin da ya dace da zama shi ne irin na kamfanin Harris mai miƙewa daga inci 13.5 zuwa 27. Ka nemi wanda ke da harafin S a lambarsa, shi ne mai karkata dama da hagu. Ƙasar makiyaya ba ta taɓa zama daidai, in ƙafa ɗaya ta faɗa rami bindiga za ta kishingiɗa, harsashi kuma ya bi gefen da ta karkata, abin yana ƙaruwa da nisa.

Kafin ka saya, zauna a ƙasa yadda za ka zauna a daji, da rigar sanyin da za ka sa, ka ɗaga bindiga zuwa kafaɗa, wani ya auna maka daga ƙasa zuwa ƙarƙashin katakon gaba. Ka ƙara inci 3 ko 4 a kan abin da aka samu, saboda wani lokaci gangara za ta sa ƙafafun su sauka ƙasa da inda kake zaune.

Amfanin mai ƙafa biyu shi ne yana manne da bindiga, nauyinsa bai kai kilo ɗaya ba. Wanda zai yi zama shida ko takwas a yini, kowanne minti 15 zuwa 20 sannan ya tashi ya sake wuri, zai gode wa Allah da wannan sauƙin.

Malam Na-Amarillo:
Sarkin Baka, ranka ya daɗe, da rana na yarda da kai, amma akwai inda mai ƙafa biyu ke ba da kunya. Koyot ba ya zuwa ta inda aka sa masa ido. Da ya ji kukan zomo daga na'urar kira, sai ya zagaya ta gefen da iska ke kai wari don ya shinshino abin da ke wurin kafin ya matso. Ke nan ka saita gabas, sai ga shi ta kudu. Dole ka ɗaga bindiga da ƙafafunta ka juya, ƙafafun su sarƙe a ciyawa, sifirin ɗin da ke jikinsu ya yi ƙara, dabba ta ga motsi, shi ke nan sai wata rana. Mai ƙafa uku kuwa kansa kawai ke juyawa, ƙafafu na nan inda aka kafa su, kuma yana riƙe bindigar da kansa, hannuwanka biyu suna kan na'urar kira.

Hanyar ɗora bindiga a kan mai ƙafa uku iri biyu ce. Akwai mai matsewa, kamar BOG DeathGrip, wanda ke damƙe katakon gaba tsakanin muƙamuƙi biyu masu roba. Yana karɓar kowace bindiga, sai dai na alminiyam ɗinsa ya kusa kilo 4, nauyi ne a kafaɗa in tafiya ta yi nisa. Akwai kuma ƙarfen Arca, wani siririn faranti mai faɗin milimita 38 da ake ɗaurewa a ƙarƙashin bindiga, ya zura cikin kan matokarin a kulle. Wannan ya fi tsayawa cik.

Kurakuran da aka fi yi uku ne. Matse bindiga ta can gaba kusa da baki: gindi ya rinjaya, ka saki ta faɗo. A ɗaura ta inda nauyinta ya rabu biyu, wato dab da gaban gidan harsashi. Sai matsewa da ƙarfi fiye da kima a bindigar da katakonta na roba ne mai laushi: katakon ya lanƙwasa ya taɓa bututu, saitin da aka yi a tebur ya kauce. A gwada da takardar kuɗi, in ta wuce tsakanin bututu da katako bayan an matse, lafiya. Sai ɗaga sandar tsakiyar matokarin don neman tsayi, wanda ke mayar da ƙafa uku tamkar ƙafa ɗaya mai rawa. A miƙe ƙafafun, a fara da sassan sama masu kauri, siraran ƙasa su zo a ƙarshe.

Baƙon Tulsa:
Na gode Malam. To da dare fa? Akwai niyyar sayen madubin da ke ganin zafin jiki nan gaba.

Malam Na-Amarillo:
In dare ya shigo maganar, ƙafa uku ne kawai. Da dare a tsaye ake yi, duhu ne mafakarka, kuma tsayuwa ce ke ba ka damar ganin saman ciyawa ta kowace fuska. Tsayin ya zama daidai ƙirji, yadda ido zai faɗa madubi ba tare da ka sunkuya ba. Ƙafa ɗaya ta fuskanci inda ake sa ran dabba, kai ka tsaya tsakanin biyun baya don kada takalmi ya yi tuntuɓe da su in kana juyawa. Amma ka fara duba dokar jihar. Texas ta sassauta farautar koyot da dare a filin mai zaman kansa, ƙa'idar Oklahoma daban take, a karanta littafin dokokin farauta na bana kafin a kashe kuɗi.

Ɗan Gwafa:
Ku yi haƙuri in sa baki, akwai na uku da ba a ambata ba: sandunan harbi da ba a ɗaure su da bindiga, irin su Primos Trigger Stick. Dabarar gwafa ce dai da maharba suka sani tun da, sai dai wannan kana matsa wata 'yar kunama a hannu ƙafafun su zame zuwa tsayin da kake so, ka saki su tsaya. Ya fi kowanne saurin gyarawa, amma bai kai sauran tsayawa ba, bayan yadi 200 rawar hannu za ta fara nunawa. Wurin kisa a ƙirjin koyot bai fi tafin hannu ba.

Duk wanda ka zaɓa ɗan'uwa, kada ka dogara da saitin tebur. Kafa takarda a yadi 100, ka harba harsashi biyar daga matokarin a zaune, ka sake a 200. Mai ƙafa biyu a kan ƙasa mai tauri yakan yi tsalle, sai ka ɗan tura kafaɗa gaba ƙafafun su ɗauki nauyi kafin ka ja kunama, kuma turawar ta zama iri ɗaya kowane harbi. Sannan ka sa gwiwar hannun dama a kan gwiwar ƙafa, don matokari gaban bindiga kawai yake riƙewa, rawar da ke ɓata harbi daga gindi take fitowa.