Windows ta ƙi hawa kan kwamfutata, kuma furojet ɗina na ciki

'Yar Ajin Ƙarshe:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Don Allah masana kwamfuta ku taimaka mini. Ina da HP EliteBook 840 G3, ta hannu ce, batirinta ya daɗe da mutuwa, sai a jikin wuta take aiki. Tana cikin sabunta Windows 10 aka ɗauke wuta. Tun daga nan in na kunna sai ta rubuta "Preparing Automatic Repair", ta yi ta juyi, ta mutu, ta sake tashi. Ƙanena ya haɗo mini Windows a filashi da Rufus, manhajar da ake ɗora Windows a filashi da ita. Mun bi komai lafiya har wurin zaɓen inda za a ɗora ta, sai maɓallin Next ya ƙi dannuwa, a ƙasa an rubuta: "The selected disk has an MBR partition table. On EFI systems, Windows can only be installed to GPT disks." Babi huɗu na furojet ɗina suna ɓangaren D na faifan kwamfutar, hotunan bikin yayata suna Desktop, ba ni da kwafinsu a ko'ina. Ya zan yi?

Sarkin Filashi:
Wa alaikumus salam. Ƙaramin abu ne. Danna Shift da F10, baƙin allo zai fito. Rubuta diskpart, sai list disk, sai select disk 0, sai clean, sai convert gpt. Ki rufe ki danna Refresh, za ta wuce.

Baba Mai Gyara:
Malama, kada ki kuskura ki rubuta clean ɗin nan! Sarkin Filashi, ka karanta tambayarta har ƙarshe kuwa? Clean ba ruwansa da C ko D, taswirar faifan gaba ɗaya yake gogewa. Windows za ta hau, ba shakka, amma a kan kabarin furojet ɗinta.

Faifanki lafiyarsa ƙalau, saɓani ne kawai. An tsara shi a tsohon tsari, wato MBR, shi kuma ƙanenki da zai haɗa filashin ya bar Rufus a kan sabon tsari, wato GPT, sai kwamfutar ta tashi ta sabuwar hanya, UEFI. Wadda ta tashi ta UEFI kuwa ba ta yarda ta ɗora Windows a faifan MBR.

Kafin komai ki kwashe kayanki. Ki samo wani filashin daban ki soka. A wannan baƙin allon na Shift da F10 ki rubuta notepad. In ya buɗe ki shiga File, sai Open, ki sauya nau'in fayil zuwa All Files, in ba haka ba takardunki ba za su bayyana ba. Daga nan za ki ga ɓangarorin faifan duka. Haruffan kan canja a wurin, D ɗinki na iya zama E, don haka ki buɗe kowanne ki duba da idonki. Hotunan suna cikin Users, sunanki, sannan Desktop. Ki danna dama a kan foldar, Copy, ki je filashin ki yi Paste. Ba za ki ga alamar tafiyar kwafin ba, kamar ta sandare, ki ƙyale ta har ta gama. Kuma ki kai filashin wata kwamfutar ki buɗe babin nan ɗaya bayan ɗaya. Filashin bogi sun cika kasuwa, a jiki 64GB, a ciki ko takwas ba su kai ba, su nuna miki suna amma fayil ɗin fanko.

Bayan haka ƙanenki ya sake haɗa filashin Windows, wannan karon ya zaɓi MBR a Rufus. Ki kunna kwamfutar kina danna F10, ki shiga Advanced, Secure Boot Configuration, ki zaɓi wanda ya kunna Legacy Support ya kashe Secure Boot. Ki ajiye, ki tashe ta da F9 ki zaɓi filashin. A jerin ɓangarori babu haruffa, da girma za ki gane C, ɓangaren da tsohuwar Windows take. Ki zaɓe shi ki danna Next, ba Format, ba Delete. Tsofaffin kayan C za su koma wata folda mai suna Windows.old, sai dai ki kwashe da wuri, Windows kan share ta da kanta bayan 'yan kwanaki.

Kuma don Allah kada ki fara sai inda akwai janareto ko sola.

Sarkin Filashi:
Baba na karɓi gyara. Amma ai gara ta koma GPT ɗin, tunda Microsoft ta daina tallafa wa Windows 10 tun 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma UEFI take so.

Baba Mai Gyara:
Haka ne ɗana, sai dai injin G3 zubi na 6 ne na Intel, jerin Windows 11 kuwa daga zubi na 8 ya fara, kwamfutarta ba ta ciki. In ma tana son GPT daga baya, akwai mbr2gpt a cikin Windows ɗin, yana juya faifai ba tare da ya goge kaya ba. Ta kare furojet tukuna.

'Yar Ajin Ƙarshe:
Alhamdulillah, Baba Allah ya saka da alheri, ya ƙara girma. Dabarar notepad ta yi, babi huɗun duk sun buɗe a kwamfutar ƙawata, hotuna ma sun fito. Windows ta hau a shagon maƙwabcinmu mai sola. Saura abu ɗaya: alamar Wi-Fi ba ta fito ba sam.

Baba Mai Gyara:
Amin 'yata. Direba ne babu, wato 'yar manhajar da ke sa Wi-Fi ɗin aiki. Haɗa wayarki da kwamfutar da igiyar caji, ki kunna USB tethering, ki buɗe Windows Update ki bar shi ya sauko da shi. Zai ci data sosai, ki yi da daddare in kina da garaɓasar dare. Kafin ki kwanta ki tura wa kanki furojet ɗin ta imel.