Asusun Bebeji: Musayar Waƙa a Kan Ɗan Abin da Ake Yi Kullum

Ɗan Kasuwar Kurmi:
Assalamu alaikum. Na buɗe wannan musaya da labarin Alhaji Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877, ya rasu a Kano a 1955, kuma ina roƙon duk mai amsawa ya riƙe amsa-amon "wa".

Da sunan Allah nake buɗe zance
A kan ɗan abin da ake rainawa.
Maraya ne Alhassan tun yana yaro,
Wata tsohuwa Tata ce ta riƙe shi har girmawa.
An ce kuɗin wuri in ya shigo hannunsa,
Asusu ne yake fara karɓawa.
Ya bi hanyar Gwanja ya sari goro,
Huhu bayan huhu yana ƙirgawa.
Da banki ya buɗe reshe a birnin Kano,
Kayan raƙumi ashirin ya kai ajiyewa.
Azurfar nan ba a dare ɗaya ta zo ba,
Tun daga Bebeji aka soma tarawa.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Alhaji, waƙarka ta yi daɗi, sai dai ka bar rabin labarin a baya. Ajiyar bankin a 1929 aka yi ta, alhali layin dogo ya iso Kano tun 1911, kuma shi ne ya buɗe wa gyaɗa hanyar Legas.

Jirgin ƙasa ne ya kawo kamfanoni
Masu neman gyaɗa don fitarwa.
Da ba don wannan ƙofa ta buɗe ba,
Ina dalar gyaɗa za ta yi tsayawa?
Na san leburori masu tattali ƙwarai,
Sun tsufa ba su ga wata ƙaruwa.
Rabo da zamani su ne manya,
Kada a ɗora wa talaka laifin rasawa.

Uwar Adashi:
Baba, ina neman afuwa, ba gardama nake da kai ba, amma akwai tambayar da baitocinka suka bari.

Jirgin nan ai ga Kano duka ya zo,
Me ya sa kaɗan ne suka iya hawa?
Wanda ya iske da jari da amana,
Shi Turawan kamfani suka yi ta nemawa.
Mu goma ne a zubinmu na unguwa,
Kowace safiya nake bi ina karɓawa.
Wadda ba ta taɓa tsallake zubi ba,
Ɗaukarta ta zama keken ɗinkawa.
Yau yara huɗu ke koyo a wurinta,
Ga ɗinkin Salla tun Sha'aban ana kawowa.
Wadda ke cewa sai ta samu da yawa,
Har yau zubin farko take shiryawa.

Malamin Allo:
Hajiya ta yi gaskiya, kuma ina so in fitar da zancen daga kasuwa, domin nasara ba ta tsaya ga dukiya ba. Alƙur'ani izu 60 ne, kowane izu sumuni 8, wato sumuni 480, kuma Buhari da Muslim sun ruwaito daga Nana A'isha cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Yaron da ke wanke allonsa kullum,
Ya rubuta sabo da asuba yana biyawa,
Ko da ƙwaƙwalwarsa ba mai kaifi ba ce,
Shi nake gani a ranar saukewa.
Mai basirar da ke hutawa kwana uku,
Tilawarsa ce ke fara zubewa.
Na ga gardi ya haddace izu talatin,
Da ya bar bita, sai ga mantuwa.

Tsohon Ma'aikacin Reluwe:
Malam, na karɓi hadisi hannu biyu, na kuma yarda cewa shekarun da na yi ina karɓar albashi ban ware ko sisi ba, kuma abin yana ci mini rai har yau. Amma ga abin da ya rage mini.

Asusun Alhassan ya ga azurfa,
Namu takarda ce mai narkewa.
Abin da ka jefa a watan Muharram,
Kafin layya darajarsa na raguwa.
To, Hajiya, me zan faɗa wa jikana,
Da ya fara sayar da rake a kasuwa?

Uwar Adashi:
Baba, ka ce ya riƙa jefawa kullum,
Amma kada ya bar kuɗin suna kwantawa.
In kaka ta yi, ya fasa ya sayi gero,
Lokacin da mudu ke saukowa,
Ko ya sayi 'yar akuya ya kai wa inna,
Kafin bazara ta kusa haihuwa.