Ƙanwata ta dawo gida, amma tsoron bai sake ta ba

Malama: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nike nema. Ƙanwata ta yi yaji ta dawo gidanmu nan Tawa tun kafin azumi, duka ne ya koro ta. Raunin jiki ya warke, amma ba ta barci. Moto ya tsaya ƙofar gida, sai ka ga kwano ya suɓuce mata, jikinta na rawa. Tsofaffi na cewa iska ce. Dangin mijin kuma sun zo biko da turmin atamfa.

Hajiya: Wa alaikumus salam, ɗiyata. Allah ya ba ta lafiya. A ci gaba da addu'a, amma kar a tsaya nan. Na ga mata da yawa a irin wannan hali, maganin iska bai yi musu komai ba, don abin da suka gani ne ke bin su.

Ɗan jami'a: Malama, mun yi wannan a aji. Firgici ne da ke biyo bayan mummunan tashin hankali, Turawa na taƙaita shi PTSD. Alamunsa: abin ya riƙa dawowa a mafarki ko ido biyu, mutum ya riƙa gudun duk abin da zai tuna masa, jiki kuma kullum a shirye kamar za a kawo hari. In ya wuce wata 1 yana hana rayuwa, a nemi masani. Judith Herman, likitar ƙwaƙwalwa a Jami'ar Harvard, ta nuna a 1992 cewa macen da ake duka cikin ɗaki tana shiga irin halin sojan da ya dawo daga yaƙi. Ta ce matakin farko na warkewa shi ne mutum ya samu aminci. Ba da labari da jimami na zuwa daga baya.

Ungozoma: Nan ya kamata a tsaya, Malama. Batun bikon ne ya dame ni. Wata mai binciken halayyar ɗan Adam a Amurka, Lenore Walker, ta saurari matan da ake duka, a 1979 ta bayyana yadda abin ke zagayawa: fushi ya taru, duka ya faɗo, sai ban haƙuri da kyauta, sannan a koma farko. Ba kowane gida ke bin wannan tsari ba, amma wallahi ina ganinsa a wurin awon ciki. Mace ta zo da sabon zane, ka ɗaga hannun rigarta za ka auna jini, ga shatin bulala. Don Allah kar atamfa ta sa a tura ta. Ita ke da ta cewa.

Malam: Na goyi baya. Haƙurin da ake cewa mace ta yi bai haɗa da zama ana cutar da ita ba. In za a yi sulhu, a zauna gaban manya da sharuɗɗa, kuma sai ta natsu.

Malama: Na gode, Malam. Ni in zaunar da ita ta faɗa mini komai?

Ungozoma: A'a. Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta hana matsa wa mutum ya ba da labari. Ki kwana ɗakinta, ki bar fitila kunne in ta fi so haka, in ta fara magana ki saurara, kar ki ce "me kika yi masa?" Kuma kar a sayo mata maganin barci wajen masu talla.

Ɗan jami'a: Tana da yara? Binciken likitoci biyu, Felitti da Anda, na 1998, a kan mutane fiye da 9,000 a Amurka, ya sa ganin ana dukan uwa cikin abubuwan da ke bin yaro har girmansa.

Malama: Biyu. Babban ya koma fitsarin kwance.

Hajiya: To kar a dake shi, kar a ba shi kunya gaban sa'o'insa. Shi ma tsoro ne.

Ungozoma: Ku fara da babban asibitin jiha nan Tawa, ku ce a haɗa ku da mai kula da lafiyar ƙwaƙwalwa. In an tura ku Yamai, akwai sashen, wanda ake kira Pavillon E, a Babban Asibitin Ƙasa. Sunan na tsorata mutane, amma ba masu taɓin hankali kaɗai ke zuwa ba. In akwai tabon da ya rage, a nemi takardar shaidar likita a adana.

Malama: Zan yi mata magana yau da dare. In ta yarda, Litinin mu tafi da ita da yaron. Yaya Ungozoma, da safe ya fi ko da rana?

Ungozoma: Da sassafe, kafin layi ya yi tsawo.